Wa ke juya Baba cikin dare?

Akwai wata magana da muke son yi duk lokacin da hira ta biyo ta kan Turawa. A fada, a tasha, a ƙarƙashin rubutun Facebook, sai ka ji wani ya ce: “Mu dai alhamdu lillahi, ba ma kwasar iyayenmu mu kai gidan tsofaffi mu ajiye kamar kaya.” Kowa ya gyaɗa kai, a zuba shayi na biyu. Maganar gaskiya ce, ni ma ina alfahari da ita. Sai dai duk wanda ka ji yana faɗinta da ƙarfi, tambaye shi wa ya wanke wa tsohonsa jiki da safiyar yau. Amsar ba ta wuce uku: matata, ƙanwata, ko “yarinyar nan da ke wurin Inna”. Da wuya ka ji namiji ya ce shi ne.

To ashe muna da gidan tsofaffi. Yana cikin kowace unguwa, daga Zariya ta Maraɗi zuwa Birni ta Damagaram, daga Tawa zuwa Bukoki ta Yamai. Ma'aikaciyarsa guda ce, ba ta da albashi, ba ta da ranar hutu, ba wanda ya koya mata aikin, kuma sau da yawa ba a ma tambaye ta ko ta yarda ba.

Bari in faɗi abin da ake nufi da jinyar tsoho a gida, don da yawa daga cikinmu kalmar kawai muka sani. Ɗauki dattijon da hawan jini ya kayar, tansiyo kamar yadda muke cewa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya iya juyawa da kansa. In aka bar shi kwance a gefe ɗaya, fatar da ke kan ƙashi, wato ƙugu da gadon baya da diddige, sai ta mutu ta buɗe ta zama gyambo, kuma gyambon kwanciya in ya yi zurfi yana iya kashe mutum kafin ciwon da ya kwantar da shi. Shi ya sa likitoci ke cewa a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. Ku lissafa: sau 12 ke nan a yini. A tsakani akwai fitsari da bayan gida, akwai wankin zanin gado da ruwan da sai an saya wurin ɗan garuwa. Akwai ba shi abinci, wanda shi ma ba wasa ba ne, don wanda ya samu shanyewar jiki sau da yawa haɗiya na yi masa wuya. In aka ɗura masa kunu yana kwance, kunun na iya bi ta hanyar iska ya sauka huhu ya jawo ciwo. Dole a zaunar da shi, a ba shi cokali cokali, a jira. Akwai ɗaga namiji babba daga katifa zuwa tabarma, aikin da ke karya bayan ƙato, balle yarinya ƴar shekara 17 mai goyo ko mai ciki. Wannan ba na mako guda ba ne. Ana yin shekara biyu, ana yin bakwai.

Wa ke yi? Ku duba yadda gidajenmu suke. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Galibi mijin ya girme ta nesa ba kusa ba. Ma'ana tana shiga gidan ta tarar da uwar miji ta manyanta, ta yi jinyarta; ta yi ta uban miji; tana kaiwa shekara 45 ko 50 mijin nata ya tsufa, ta yi tasa. Ranar da ita kanta ta kwanta, sai a nemo wata yarinya a fara daga farko. Wani lokaci jika ce ake cirewa daga lakwal a kai ƙauye “ta taya Kaka zama”, a ce wata biyu ne. Shekara na zagayowa sa'o'inta suna rubuta BEPC, ita tana wanke fo.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke wasa da kalmar kunya. Al'adarmu ta hana suruka kiran sunan uban mijinta. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, in ta hango shi a hanya sai ta ratse. Amma ranar da ya kwanta ciwo, ita wannan da ba ta iya faɗin sunansa ita ake tura wa ta tuɓe shi ta wanke masa tsiraici. Ɗan da ya haifa kuwa yana zaure, in aka yi magana ya ce shi wallahi kunyar Baba yake ji. Wace irin kunya ce ke kama ɗa ta tsallake suruka? Ku tambayi dattawan da kansu, in suna iya magana. Na san wani tsoho a unguwarmu da ya rage shan ruwa da gangan, a cikin zafin watan Afrilu, don kada fitsari ya matse shi matar ɗansa ta zo ta ɗaga shi. Ƴaƴansa maza huɗu ne, uku suna cikin garin.

Kuma kada wani ya jingina wannan da addini. Wa'azin biyayya ga iyaye da muke ji kowace Juma'a, da ɗa da ƴar da aka haifa yake magana. Malaman Malikiyya sun ɗora ciyar da iyaye marasa hali a wuyan ƴaƴansu masu hali, maza da mata. Hidimar iyayen miji kuwa, je ka tambayi malamin da ka yarda da shi: kyautatawa ce daga matarka, tana da lada in ta yi, amma ba bashi ne a kanta ba. Kai ne ake bi. In ta ɗauke maka, ta cancanci godiya da sassauci a sauran aikin gida, ba faɗa don tuwo ya makara ba. Sannan ga wata da ba ma son a taɓo. Ranar rabon gado ba wanda ke manta cewa namiji rabo biyu gare shi. Ban zo gardama da wannan ba. Amma duk malamin da ya bayyana hikimar rabon zai ce maka saboda nauyin da ke kan namiji ne. To ina nauyin ya shiga a shekarun jinya? Ƙanwar da ta rufe ɗan teburinta na sana'a ta dawo gida, wani sa'in har aurenta ya mutu a kan haka, ta tashi da rabi; yayan da ke leƙowa ranar Juma'a da leda ɗaya ta lemu ya tashi da cikakke, har yana neman a sayar da gidan da take ciki.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Akwai wanda yake Libiya ko Aljeriya, akwai na Abijan da Legas, akwai wanda ke cikin ramin zinariya a arewacin Agadas. Bida ce ta fitar da shi, ba gudun iyaye ba. Yana hana cikinsa ya turo jika 10 ko 20 ta Nita ko Al Izza, kuma ba don kuɗin nan ba da ko magani ba za a saya ba. Allah ya saka masa. Amma ɗan uwana na nesa, kuɗin da ka turo bai ba ka ikon kira da dare kana tuhumar wadda ke ɗakin ba: “Me ya sa Inna ta rame? Ina kuɗin da na aiko?” Ka san nawa ake sayar da famfas na manya? Ka san maganin hawan jini da na suga ba a dainawa, wata ya ƙare a sake saye har ƙarshen rai? In kana son sanin inda kuɗin ya tafi, ka ce a ɗauko hoton takardar magani a turo maka ta WhatsApp, ka kira farmasi ka ji farashi. Sannan a cikin abin da kake turowa ka ware wani abu ka ce wannan na mai jinya ne, nata ne, kada a taɓa. Ba sayen ladanta ka yi ba. Sana'arta da ta tsaya ka rage mata asararta.

Shi kuwa wanda yake cikin gari, yana da lokacin zama fada daga isha'i har ƙarfe ɗaya na dare, yana da lokacin kallon Barsa da Madrid, ba shi da abin cewa.

Yanzu mu juya wajen hukuma, don ba duka laifin ke cikin gida ba. Nijar ƙasar yara ce. Kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuwa wajen 4 ne cikin 100. Saboda haka duk tsarin lafiyarmu, da na ƙungiyoyin agaji, fuskarsa na kallon uwa da jariri, kuma da dalili. Tun 2006 doka ta ce yaro ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba shi, haka awon ciki. Amma 4 cikin 100 na mutum sama da miliyan 25, mutum miliyan guda ke nan. Kowane ɗaya cikin waɗanda suka kwanta, akwai aƙalla mace guda da rayuwarta ta tsaya tare da shi. Fansho kuma na ƴan tsiraru ne: CARENI na ma'aikatan gwamnati, CNSS na waɗanda suka yi aiki da kamfanin da ya yi musu rajista. Manomin da ya yi shekara 50 yana noma gero, mai saƙar tabarma, ɗan dako, ungozoma, mai tuyar ƙosai, fanshonsu ƴaƴansu ne. In ƴaƴan ba su da shi, sai bakin masallaci da bakin danja. Ku lura da masu miƙa hannu a manyan titunan Yamai, ku ƙirga masu furfura.

A watan Agustan 2024 majalisar ministoci ta rage rabin kuɗin ganin likita da gwaji da kwanciya a asibitocin gwamnati, ta kuma soke jika 150 da ake biya kafin a fara wankin ƙoda. Mataki ne mai kyau, tsofaffi na cikin waɗanda suka amfana, kuma ya kamata a faɗa. Sai dai jinyar tsoho mafi yawanta ba a gadon asibiti ake yinta ba. Ana sallamarsa bayan kwana goma, a miƙa wa iyali takardar magani, shi ke nan. Ba mai nuna wa matar da za ta karɓe shi yadda ake juya shi ba tare da ta ɓalla bayanta ba, ko yadda ake motsa masa hannu da ƙafa kada su sandare, ko alamar da za ta gani ta san a koma asibiti yanzu-yanzu. Ko a cikin asibitin ma, duk wanda ya taɓa kwana da marar lafiya ya san ƴan jinya ne ke kwance kan tabarmi a tsakar fili, su ke wanka, su ke ciyarwa, su ke gudu farmasi. Tsarin ya dogara da su ɗari bisa ɗari amma bai san da zamansu ba.

Senegal ta gwada wani abu. A 2006 ta kafa shirin Sesame, wanda ya ce duk wanda ya kai shekara 60 a duba shi kyauta a asibitin gwamnati. Shirin ya sha fama da bashi, asibitoci suna aiki gwamnati ba ta biya su kan lokaci, irin ciwon da namu shirin na yara ya yi ta fama da shi. Don haka ni ba na cikin masu ihun “a mayar da komai kyauta” a kan takarda, a bar majinyaci ya tarar da kantar magani wayam. Abin da nake ganin ya fi kusa da hannu ƙarami ne. Muna da CSI a unguwanni da garuruwa, muna da ma'aikatan sa-kai da ke bi gida gida lokacin rigakafin shan inna da rabon maganin zazzaɓin damina. Hanyar tana nan, mutanen suna nan. Me zai hana a ƙara musu awon jini na tsofaffi, da leƙa waɗanda ke kwance ko sau ɗaya a wata? Me zai hana kowane asibiti ya sa doka cewa ba a sallamar wanda jikinsa ya shanye sai an zaunar da mutum biyu daga iyalinsa, ɗaya namiji, an nuna musu aikin da hannu? Rabin awa ne. Kuma maganin hawan jini mai sauƙin kuɗi, in ya samu a CSI ba yankewa, zai hana da yawa faɗuwar tun farko. Mutanenmu na shan magani sati biyu, kai ya daina ciwo, a ce an warke a ajiye. Hawan jini ba ya sallama. Ranar da baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, wannan ba lokacin neman mai ruƙiyya ko turaren aljanu ba ne. A nemi mota a tafi asibiti, a yi addu'ar a hanya.

Akwai kuma ciwon da ko sunansa ba ma son kira: gigin tsufa. Tsohuwa ta fara manta sunan jikokinta, ta ce an sace mata kuɗi alhali ita ta ɓoye ta manta, ta ci abinci ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba, magariba na yi ta ɗaure kaya ta ce za ta gidansu, gidan da aka rushe tun zamanin Diori. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake ciwon ƙoda ko na zuciya. Amma a wurinmu fassara biyu gare shi. Ko a ce suruka ce ke cutar da ita, tunda ga shi da bakinta ta ce ba a ba ta abinci, sai dangi su taso wa mai jinya. Ko kuwa a ce tsohuwar mayya ce ta fara tone-tone, in ta ɓace ta shiga wata unguwa yara su bi ta da jifa, manya na kallo, wani ma ya ɗauka a waya ya watsa. Ina roƙon duk mai bin wannan shafi: in irin wannan bidiyo ya iso gare ka, kada ka tura gaba. In ka gamu da tsohuwa tana yawo ba ta san inda take ba, ka zaunar da ita a inuwa, ka ba ta ruwa, ka kai ta wurin mai unguwa ko gidan rediyo a yi cigiya. Masu irin wannan majinyaci kuma, ku ɗinka lambar waya a jikin rigarta ko ku ɗaura mata a hannu. Gardama da ita ba ta da amfani; in ta ce za ta gida, a ce to Inna bari a sha kunu tukuna, sau da yawa kafin a gama ta manta.

Zafi ma ya shiga lissafi yanzu. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗu, da yawansu tsofaffi. Mali ba nisa gare ta ba, rana ɗaya ce ke dukanmu. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, jikinsa na bushewa bai sani ba. A gidajenmu kuwa ɗakin da ya fi kowane zafi, na kwano can ƙurya marar taga, shi ake ba tsohuwa, mai fanka na maigida ne. In wuta ta ɗauke, wa ke tashi ya jiƙa zani ya rufa mata, ya yi mata fifita? Ita dai wannan da ta yini tsaye. Addini ya sauƙaƙa wa tsohon da ba ya iya azumi, amma sau nawa muke zama mu lallashe shi ya karɓi sauƙin? Mun fi son mu ce “Baba akwai ƙarfin hali, shekara 80 bai sha ko ɗaya ba.”

Ba sai mun jira doka ba kafin mu gyara abin da ke hannunmu. Ƴan uwa su zauna tun ciwo bai yi nisa ba, a raba kwana kamar yadda ake raba gona: wane Litinin da Talata, wane Laraba, na nesa ya ɗauki magani da famfas. A rubuta a rukunin WhatsApp na gida kowa ya gani, don abin da ba a rubuta ba kan mace yake komawa. Uba, ɗansa namiji ya yi masa wanka. Mai jinya ta samu yini guda a mako da za ta fita, ta je gidansu, ta je biki, ko ta rufe ɗaki ta yi barci. Kafinta na unguwa zai iya huda kujera a sa bokiti a ƙasa, ya kafa ƙarfen dafawa a bayan gida, don masai na tsuguno ya karya ƙugun tsofaffi da yawa, kuma tsohon da ƙugunsa ya karye ba kasafai yake sake tashi ba. In kuma an ɗauko ƴar aiki don jinya, a biya ta kamar mutum. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024. Wanda ya ɗauko yarinya daga ƙauye yana ba ta jika 7 ta kwana tana juya mahaifiyarsa, ya daina yi mana wa'azin tausayin iyaye.

Taron dangi a kan aiki kuma ba baƙonmu ba ne. Mun gaji gayya. Iyayenmu sun yi samariya zamanin Kunce, sun gina azuzuwa da hannunsu. Matan Maraɗi sun fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Fadojinmu na share magudanar ruwa kafin damina, suna gyaran maƙabarta, suna haƙa kabari ba a biya su ba. Fadar da ke iya haƙa wa tsoho kabari tana iya sanin gidaje nawa ne a layinta ke da tsoho kwance, ta sayi keken guragu ɗaya da na'urar awon jini ɗaya na karo-karo, a riƙa aro. Samari biyu su je su ɗaga dattijo a fito da shi inuwa da hantsi ya ga mutane, a mayar da shi kafin azahar. Wanda ya yi wata shida yana kallon rufin ɗaki ya san darajar wannan.

Ranar 1 ga Oktoba ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsofaffi. Za a yi jawabi, a raba buhun shinkafa da sabulu, a ɗauki hoto. A cikin watan ne kuma yara ke komawa lakwal. Akwai malaman makaranta da yawa a cikin masu karanta mu, to ga aiki: in an koma, ku buɗe rajistar bara, ku duba ƴan matan CM2 da na koleji da ba su dawo ba. Ku bi sawu ku tambaya. Wadda aka ce tana ƙauye wurin kakarta, ku nemi ubanta ku tambaye shi ƴaƴa nawa kakar ta haifa, kuma ina suke.